An Binne Kududdufin Magina

Shafi na 23

Munkaila ne ya binne kududdufin Unguwar Magina. Shi ne, ba wani ba. Masu turo mini saƙo kuna cewa yaron kirki ne, ya share muku ƙofar gida, in sassauta masa, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku dawo mu yi magana.

Inna Shekara ba ta yi sallama ba da ta shigo ƙarƙashin rumfar bikin.

Ƙwarya ce a kanta, rufe da faifai. Ta ratsa kujerun roba, ta ratsa samari da ƴan mata masu korayen riguna da aka rubuta wa GARI FES a baya, ta ture mai ɗaukar hoto da gwiwar hannu, har gaban teburin manya. Ta dire ƙwaryar a kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa.

Munkaila, shugaban ƙungiyar Gari Fes, yana tsaye da makirfo. Yana tsakiyar cewa yau garin Matameye ya ga abin da haɗin kai ke yi, ramin da ya shekara da shekaru yana wari ga shi ya zama fili, za a dasa masa bishiya arba'in. Ya ga tsohuwar, ya washe baki.

"Ga Innarmu ma ta kawo mana fura. Jama'a, a tafa mata!"

Aka tafa.

Ta ɗage faifan, ta kife ƙwaryar.

Taɓo ne. Jan taɓo jiƙaƙƙe, da ɓurɓushin ciyawar da ake cakuɗa ƙasar gini da ita. Ya zube tim a kan ƙyallen, ya fantsama har kan takardun jawabi.

Tafi ya mutu.

"Sha," in ji ta. "Furarka ce. Kai ka dama."

Munkaila ya kashe makirfon, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Inna, don Allah. Akwai baƙi. Mene ne wannan?"

"Gindin bangon ɗakina ne. Da hannu na kwaso shi, ban sa fartanya ba. Bangon da ƙusa ba ta shiga sai da guduma, yau hannun tsohuwa ke yankarsa kamar tuwo."

"To ki bari a tashi mana."

"A tashi? Ɗaga kanka ka dubi gabas."

Bai ɗaga ba. Amma waɗansu sun ɗaga. Can ƙasa-ƙasa, bayan gonaki, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Babu iska ko kaɗan. Zafi ya danne gari, ko ganye ba ya motsi.

Kada wani ya ce Shekara maƙiyar tsabta ce. Ranar da ƙungiyar nan ta fara shara a unguwar, ita ce mace ta farko da ta fito da tsintsiya. Awakinta biyu leda ta kashe, mahauci ya farke cikin ɗaya ya zaro baƙar leda kamar ana zare zani daga wanki. Saboda haka duk safiyar Lahadi sai ta dama musu kunu, ta sa musu albarka. Da ta ga ana juye sharar a kududdufi ta yi magana, Munkaila ya ce na ɗan lokaci ne, kamiyo, wato babbar mota, zai zo ya kwashe ya kai bayan gari.

Kamiyo ya zo kuwa. Amma ba kwasa ya zo yi ba. Yashi ya kawo, ya rufe.

"Ka ga ruwan Litinin?" ta tambaye shi. "Ruwan da ko shuka ba a yi da shi ba? Kwana biyu ya yi a jikin bangona, har idon sawu. Ya zo neman gidansa, ya tarar kun rufe ƙofa, ya shigo nawa."

"Zai tsotse, Inna."

"Ya tsotse ɗin. Bangona ne ya tsotse shi. Ga shi nan a gabanka."

Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, aka zungure ta.

"Maigidana Malam Yunus yana kwance a jikin bangon nan. Shekara huɗu rabin jikinsa ba ya motsi, kai ka sani, ka sha zuwa gaishe shi. Ni ba na iya ɗaga shi. Shi kuma ya rantse ba zai bar ɗakin da ya gina da hannunsa ba. Sau uku ina zuwa bironku, ofishin nan naku, sau uku ana ce mini kana Damagaram. To yau ga ni ga ka."

"Me kike so a yi?"

"Ga ku nan kun fi arba'in. Ga shebur, ga baro. Ku buɗe wa ruwa baki, ko da faɗin tabarma ne, kafin hadarin can ya iso. Abin da ya kawo ni ke nan. Ba lemonku na zo sha ba."

Sai aka ji gyaran murya daga kujerar tsakiya, mai laushin nan da aka ɗauko daga falon wani. Alhaji Kadiri ne, uban ƙungiya. Shi ya ɗinka rigunan, shi ya sayi barorin, shi ya turo kamiyon yashi. Carbi na yawo a hannunsa.

"Munkaila, wace ce wannan baiwar Allah?"

"Matar Malam Yunus magini ce, Alhaji."

"Allah sarki. Tsufa ke nan. A ba ta kujera, a ba ta abu mai sanyi."

Shekara ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Kadiri, yau ni ce ba ka sani ba? Soron ubanka Malam ne ya gina shi, da ƙasar ramin nan da ka ɗora kujera a kai. Ina kai musu abinci kana yawo babu wando."

"Alhaji ake cewa, Inna," wani ya faɗa daga baya.

"Wanda ya je Makka ya san ya je. Ni ban raka shi ba."

Carbin ya tsaya.

Kafin Alhaji ya buɗe baki, wani dogon mutum ya miƙe daga cikin masu korayen riguna. Khalifa mai amalanke ne. Duk ƙungiyar babu wanda ya kai shi jigilar shara, kuma ko sau ɗaya bai karɓi ladan jakinsa ba. Kowa ya san dalili. Bara waccan ɗansa mai shekara biyar ya faɗa kududdufin nan, sai bayan la'asar aka tsamo shi.

"Inna," ya ce, "ramin nan ba alheri ba ne. Sauro daga nan yake. Wari daga nan yake. Ɗana a nan ya tafi. Ni da hannuna na cike shi, kuma ban yi nadama ba."

Nan ne kawai muryar Shekara ta sauka.

"Khalifa, ni na riƙe matarka ranar. Ban manta ba. Amma me muka roƙa bayan an yi sadakar bakwai? Shinge muka roƙa. A kewaye shi da ƙaya ko waya. Ba mu ce a binne shi ba."

"Shinge yaro na tsallakewa."

"Ruwa fa? Ruwa me yake tsallakewa? Saurara ka ji, ɗana. Duk gidan ƙasar da ke unguwar nan daga ramin nan aka ɗebo shi. Iyayenmu ba mahaukata ba ne. Sun haƙa a inda ƙasa ta fi gangara, sun ɗibi ƙasa sun ba ruwa wurin kwana. Lungu uku ke zubowa nan. Lungun masallaci, lungun masu rake, da namu. Kun hana shi wurin kwana. To a ɗakin wa zai kwana?"

Khalifa ya juya. Ya dubi gabas. Baƙin ya hau, ya cinye rabin sama. Wata ƴar walƙiya ta gilma a cikinsa, babu ƙara.

Munkaila ya ga taron na neman kuɓuce masa. Ya buɗe jakarsa, ya zaro takarda a cikin rigar roba, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ba da ka muka yi aikin nan ba. Unguwa ce ta yarda. Ga shaida. Mutum arba'in da ɗaya suka dangwala yatsa." Ya juyo da takardar wajen tsohuwar. "Na farko ma ga shi. Naki ne, Inna."

Shekara ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Amma ta san babban yatsanta. Tun tana amarya wuƙa ta yanke shi wajen fere kabewa, tabon ya ratsa shi a karkace. Ga shi nan a takardar, shuɗin dangwale da farin layi a tsakiya.

Ta daɗe tana kallonsa.

Sau ɗaya tak ta taɓa dangwala wa ƙungiyar nan yatsa. Ranar da aka raba tsintsiya da shuɗin tano na zuba shara.

"Najaha."

Madam Najaha, mai koyarwa a lekwal, wato makarantar boko, sakatariyar ƙungiya, tana zaune a ƙarshen tebur. Ƴar maƙwabciyar Shekara ce, katanga ɗaya ta raba gidajen. Tun da tsohuwar ta shigo ba ta ɗaga kai ba.

"Najaha, da ke nake."

"Na'am, Inna."

"Wa ya riƙe mini yatsa ranar rabon tano?"

"Ni ce."

"Me kika ce mini?"

"Na ce... shaidar kin karɓi tsintsiya da tano ce."

"To tashi ki karanta mini ita yanzu. Da Hausa. Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"Madam, ba lokacinsa ba ne," in ji Munkaila. Ya fara mayar da takardar jaka.

Najaha ta miƙe ta riƙe gefenta.

"Saki, Munkaila."

"Kin san abin da kike yi?"

"Tun Laraba na sani. Tun Laraba abinci bai wuce mini wuya ba. Saki."

Ya dubi Alhaji. Alhaji yana kallon carbinsa. Ya saki.

Najaha ta juyo wajen jama'a, takardar a hannunta.

"Takarda biyu ce ranar. Ɗaya a kan ɗaya. Ta sama ta tano ce. Ta ƙasa an naɗe kanta, wurin dangwale kawai ake gani. Ya ce mini kwafi ce ta masu ba da taimako. Ni kuma ban buɗe ba. Ni da nake koya wa yara kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba, ban buɗe ba. Na riƙe yatsun iyayena ɗaya bayan ɗaya na dangwala."

"Kuka daga baya," in ji Shekara. "Karanta."

"An rubuta: mu mutanen Unguwar Magina mun yarda a cike ramin unguwarmu."

"Ci gaba. Na ga rubutun da saura."

"Mun kuma yarda ba mu da sauran haƙƙi a wurin. Mun bar shi ga wanda ya ɗauki nauyin cikewa."

Can cikin unguwa wani jaki ya yi kuka ya yi shiru.

"Wa ya ɗauki nauyin cikewa?" Shekara ta tambaya.

Idanu duka sun koma kan kujera mai laushi.

"Ƙarya ne," in ji Khalifa. "An ce mana wurin wasan yara za a yi. An ce bishiyoyi da lilo. Munkaila, ba haka ka ce mini ba? A ƙofar gidana ka faɗa, gaban uwar yaron."

"Khalifa," in ji Najaha, "je ka tona gindin dashen da ke kusurwar can. Wanda aka dasa jiya, kafin mu zo."

Ya ɗauki shebur ya tafi. Jama'a suka bi shi da ido. Ya cire ɗan dashen bedi, wato dogon yaro, ya ajiye gefe a hankali, ya soka shebur sau ɗaya, sau biyu. A na uku aka ji ƙwal.

Ya durƙusa ya share da hannu. Turken siminti ne, irin wanda ake kafawa idan an yanka fili. An shafa masa jan fenti, da baƙaƙe biyu a kai.

"Huɗu ne," in ji Najaha. "Kowace kusurwa da nata. Baƙaƙen sunan Alhaji ne. Magaza shida, wato shaguna, za a gina. Na ga zanen a jakar nan."

Khalifa bai tashi daga durƙuson ba.

Shekara ta tako har ta ji numfashin Munkaila.

"Ka sani?"

"Inna..."

"Ka sani ko ba ka sani ba? Baki ɗaya gare ka."

"Na sani. Amma ki tsaya ki ji. Shekara biyu muna yawo da takardar neman taimako, ba wanda ya ba mu ko baro ɗaya. Kin ga yadda garin nan yake. Leda a bishiya, leda a rijiya, leda a cikin dabba. Alhaji ya ce zai ɗauki nauyinmu shekara uku. Na auna, na ga rami ɗaya mai wari, a share gari gaba ɗaya. Wallahi ban ci ko dala ba."

"Ban tambaye ka abin da ka ci ba. Ramin ubanka ne da za ka auna?"

"Kuma ya yi alkawarin kwata ta siminti. Za ta ɗauki ruwan har bayan gari."

"Yaushe?"



"Bayan damina."

Shekara ta tafa hannu, ta juya tana kallon mutane.

"Bayan damina! Jama'a kun ji da kunnenku. Za a kawo wa mamaci magani bayan sadakar uku. Wannan shi ne mai ilimin da kuka ɗora a gaba."

"Inna, ban zaci ruwan zai..."

"Ba ka zata ba don gidanku na siminti ne, kuma yana kan tudu. Da ka tambayi tsoho ɗaya a unguwar nan. Ɗaya tak. Amma ina, ku tsofaffi yatsunsu kawai kuke bukata."

A daidai nan iska ta iso.

Ba ta zo da sallama ba. Ta ɗaga gefen rumfa ta maka shi a kan tebur, kujerun roba suka fara gudu su kaɗai. Gari ya yi jawur, sannan ya yi duhu kamar magariba, alhali ko la'asar ba a kira ba. Yashin da aka shimfiɗa a kan filin bai kai kamu ɗaya ba, iska ta fara feɗe shi. Sai ga baƙaƙen ledoji na leƙowa daga ƙasa, ɗaya, goma, ɗari, suna kaɗawa kamar harsuna. Waɗanda suka kuɓuce suka tashi sama suka rufe taron. Warin da aka binne wata uku ya taso.

Baƙi suka watse. Mai hoto ya cusa na'urarsa cikin riga ya ruga.

Alhaji Kadiri ya miƙe yana riƙe da hularsa.

"Ku saurara! Wurin nan yana da takarda. Duk wanda ya ƙara soka shebur a nan, da jandarma zai yi magana."

Khalifa ya miƙe. Ya cire koriyar rigar, ya jefar a gaban Alhaji.

"Kira su. Ka ce su zo da nasu shebur."

Ya nufi bakin filin, inda lunguna uku suka haɗu, ya fara haƙa. Najaha ta ɗaura gyalenta a ƙugu ta ɗauki wani shebur. Mutum goma, sha biyar, suka bi. Gaskiya ɗaya ce, yawancin yaran nan da zuciya ɗaya suke aikinsu, ba su san komai ba.

Amma me za su haƙa? Leda ba ta ruɓa. Wata uku ana zubawa, kamiyo na bi ta kai yana dannewa, ta manne ta zama kamar ƙirgi. Shebur ya shiga ya dawo. Su ja da hannu, ta miƙe ta tsinke, wata na ƙarƙashi.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Inna," wani saurayi ya faɗa yana haki.

"Fafe dai! Bakinka ya fi hannunka aiki."

Ɗigon farko ya faɗo wa Shekara a goshi, babba kamar goro. Na biyu. Daga nan sama ta tsage.

Shekara ta ga ruwa iri-iri a rayuwarta, amma wannan kamar da masaki ake juyewa. Ba a ganin mutum daga taku biyar. Ba a yi tsawon sallar raka'a huɗu ba sai ga na lungun masallaci ya gangaro, jawur, yana tafe da takalman roba da kara. Na lungun masu rake ya tarye shi. Suka iso inda suka saba faɗawa tun kafin a haifi duk wanda ke wurin, suka tarar da tudu.

Ruwan ya tsaya. Ya kumbura. Ya cika ɗan ramin da su Khalifa suka haƙa kamar an zuba a moɗa. Ya yi juyi ɗaya a hankali, kamar mai tunani.

Sai ya karya hagu, ya shiga lungun Shekara.

"Malam," ta faɗa a hankali.

A bayanta mota ta yi gurnani. Alhaji ne ya shiga motarsa ya tayar, zai fice. Amma a kan filin ya ajiye ta, don a gan ta a hoto. Yashi ya jiƙe, ƙafar baya ta burma cikin shara har gindi. Ya taka, taya ta yi ta watsa leda da taɓo, motar na ƙara nutsewa. Ya buɗe ƙofa ya fito, babbar rigarsa ta manne masa.

"Ku zo ku tura! Kai, ku zo ku tura mana!"

Ba wanda ya motsa.

Sannan aka ji shi. Ba tsawa ba ce. Tsawa daga sama take zuwa. Wannan daga ƙasa ya zo, daga cikin lungun, wani nauyayyen rim da aka ji a tafin ƙafa kafin a ji a kunne. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan ƙarar.

Wata mace ta ƙwalla salati a cikin unguwa.

Shekara ta cafki wuyan rigar Munkaila da hannun dama. Ban san inda tsohuwa ta samo ƙarfin ba.

"Muje."

"Inna, sake ni, zan bi ki."

"Da bakinka na yarda da kai sau ɗaya. Khalifa! Taho mini da wancan."

Khalifa ya je ya tsaya gaban Alhaji, shebur a kafaɗa, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Alhaji, sai ka taka."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Da mai fili. Taka muje ka ga iyakar filinka."

Suka shiga lungun. Ruwa har ƙwauri, sannan har gwiwa. Yana jan zanin Shekara, ba ta saki wuyan rigar ba. Mata na fitowa da yara a kafaɗa, da tabarmi a ka, wata na kiran sunan ɗanta. Tanon shara shuɗi ya wuce su yana iyo a kife.

Ƙofar gidan ta kara ce, ruwa ya riga ya ɗauke ta. Tsakar gida ta zama tafki. Tukwane na karo da juna, akuyar da ta rage ta hau turmi tana kuka.

Ɗakin yana nan tsaye, amma ba daidai ba. Bangon baya ya zauna. Rufin ya biyo shi ya karkace, azara biyu sun sauko sun gicciye ƙofa, ƙasar rufi na zubowa a kansu guntu-guntu. Abin da ya rage na shiga bai fi a rarrafa ba, kuma ruwa na kwarara ciki ta nan.

"Malam!"

Ruwa kawai ake ji.

"Malam! Ni ce! Ka yi tari in kana ji na!"

Najaha ta toshe baki da hannu biyu. Azara ta yi ƙara, ta ƙara sauka kaɗan.

Daga can ciki aka ji ƙwas. Kamar an buga ƙarfe a jikin kwano. Aka yi shiru. Ƙwas kuma. Cokalin da take ajiye masa ne kusa da hannunsa mai motsi, wanda yake kiranta da shi.

Khalifa ya yar da shebur ya durƙusa zai shiga. Shekara ta tare shi da ƙafa.

"A'a. Matarka ta binne ɗaya saboda wurin nan. Ba za ta binne biyu ba. Kai ka sa kafaɗa ka tallafi azarar."

Ta jawo Munkaila gaba har ya yi tuntuɓe. Ta nuna Alhaji Kadiri da yatsan nan mai tabo.

"Ku biyu. Ɗaya ya sayar, ɗaya ya saya. Ban san karatu ba, amma na san wannan: mutumin da ke cikin ɗakin nan bai zubar da leda ko ɗaya a titi ba, shekara huɗu ko ƙofa bai taka ba. Yanzu ruwanku na hawa gadonsa. Ɗayanku zai rarrafa ya fito mini da shi, gaban mutanen unguwa, yanzun nan. In ya fito da rai, gobe mu haɗu gaban hukuma. In bai fito ba, ku za ku gaya mini wanda ya kashe shi, da bakinku, da sunansa."

Cokalin ya sake bugawa. Sau ɗaya. A raunane.

"Munkaila. Kadiri. Ina jin ku. Wa zai shiga?"